Tafkin Ninƙaya da Cinikin Gidaje a Amurka

Kafin Yaƙin Duniya na Biyu, tafkin ninƙaya a bayan gida sai attajirai da taurarin Hollywood. Abin da ya sauko da kuɗinsa shi ne dabarar fesa siminti da tiyo a kan ragar ƙarfe, ba sai an kafa katako an zuba kankare ba. A shekarun 1950 sababbin unguwannin Kalifoniya da Arizona da Florida suka cika da tafkuna, dillalai kuma suka riƙa tallar gida da shuɗin ruwansa tun kafin su ambaci yawan ɗakuna.

Sannu a hankali aka gane ruwa yana da nasa haraji. Ga wutar famfo, ga sinadarin kulorin, ga kuɗin inshora da ke tashi, ga shingen da dokokin wurare da dama suka wajabta saboda yara. Uwa mai goyo in ta leƙa bayan gida ta ga ruwa mai zurfi, sau da yawa cinikin ya mutu tun daga nan, kuma ban ga laifinta ba.

Rikicin bashin gidaje na 2007 da 2008 ne ya tona asirin abin. Bankuna suka ƙwace gidaje, aka yanke wuta, famfo ya tsaya, ruwan ya koma kore da gansakuka, sauro ya yi sansani. A garin Bakersfield na Kalifoniya masu bincike sun danganta yaɗuwar zazzaɓin West Nile a 2007 da irin waɗannan tafkuna, jami'an lafiya kuma suka riƙa zuba musu ƙananan kifaye masu cin tsutsar sauro. Masu sayen gida su yi masa kwaskwarima su sayar suka tsaya kan lissafi: a gyara, ko a cike ramin da ƙasa? A Phoenix, inda maƙwabta da dama ke da nasu, gyara ya fi. A jihohin sanyi irin Minnesota, inda ake rufe tafki fiye da rabin shekara, cikewa takan fi riba. Haƙa sabo kuwa don sayarwa kawai, da wuya ya maido da abin da ya ci.

Kullen korona a 2020 ya sake ɗaga darajar tafkin ninƙaya, har masu haƙa suka kasa biyan buƙata. Amma fari bai bari an daɗe ana murna ba. A 2022, da Tafkin Mead, wanda Las Vegas ke shan ruwansa, ya ja baya ƙwarai, hukumomin yankin Las Vegas suka hana sabon tafkin gida ya wuce murabba'in ƙafa 600.