Daga Nilu zuwa fadama: tsokaci a kan koyar da tsofaffin wayewar kai a kolej

A cikin wannan ƴar takarda muna so mu duba wata kalma da ta yi kaka-gida a darasin tarihin dauri, wato "gudummawa". Tsarin da muka gada daga makarantar Faransa yana jera al'ummomi kamar ayarin raƙuma: Misira ta kawo rubutu da lissafin kwanaki, Girka ta kawo falsafa da dimokuraɗiyya, Rum ta kawo doka da hanyoyi, sa'an nan ayarin ya sauke kayansa a Turai. Yaron da ke ajin farko na kolej a Tawa ko Damagaram yana hardace jerin, ya zuba shi ranar jarrabawa, amma abin da ke zama a zuciyarsa shi ne tarihi hanya ɗaya ce, kuma ba ta bi ta garinsu ba.

Wannan jeri kansa yana da tarihi. Masanan Turai na ƙarni na 19 suka gina shi, lokacin da ƙasashensu ke neman hujjar mallakar wasu. Amsa mafi ƙarfi ta fito daga Cheikh Anta Diop, wanda a littafinsa na 1954, Nations nègres et culture, ya kafe a kan cewa Misirar fir'aunoni ta baƙar fata ce, ya kuma kare ra'ayin a taron UNESCO na birnin Alƙahira a 1974. Joseph Ki-Zerbo ya fitar da tarihinsa na Afirka a 1972. Aikin waɗannan magabata ya maido da Misira cikin nahiyarta, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai a cikin aji, sau da yawa raƙumin gaba kaɗai aka canza wa mai shi. Ayarin yana nan, tambayar kuma ba ta sauya ba: wa ya riga wa?

A ganinmu tambayar ce ke da rauni. Girkawa daga Finikiyawa suka ari haruffansu wajen ƙarni na 8 kafin miladiyya. Alƙaluman lissafin da yara ke rubutawa a allo daga Indiya suka taso, suka bi ta Bagadaza, inda al-Khwarizmi ya bayyana su a ƙarni na 9. Dimokuraɗiyyar Atina, wadda ake dangantawa da gyare-gyaren Kilistenis na wajen shekara ta 508 kafin miladiyya, ta bar mata da bayi da baƙi a waje. Jerin gudummawa ba ya da wurin sa irin waɗannan bayanai.

Abin da muke ba da shawara shi ne a kwatanta zaman rayuwa, a fara daga abin da yaro ya sani. Mu ɗauki jigo. Duk ɗan da ya taɓa shiga lambu a fadama ya ga doguwar sanda mai nauyi a gindi da guga a kai. Irin wannan na'ura tana nan a zane cikin kabarin Ipuy, a Deir el-Medina, tun ƙarni na 13 kafin miladiyya, kuma mutanen Mesopotamiya sun riga Misirawa amfani da ita. Daga nan darasi zai buɗe: me ya sa manomin Nilu ke jiran ambaliya, namu kuma yana duban gabas yana jiran hadari? Misirawa sun raba shekara uku, lokacin ambaliya, na tsiro, da na girbi, watanni 12 masu kwana 30 da ƙarin kwana 5. Yaro zai jera damina da kaka da ɗari da bazara a gefe, ya gano da kansa cewa kalanda daga aikin gona take fitowa. Haka tawada: magatakardan fir'auna da baƙin hayaƙi da ƙaro yake haɗa tasa, kusan yadda almajiri ke yi. Kalmar alƙalami kuwa ta zo mana daga larabci, larabci ya samo ta daga kalamos na Girkanci, wato kara.

A nan dole malami ya yi hattara, domin kama da wane ba ta wane ba ce. Ganin jigo a Nilu da a Gulbin Maraɗi ba hujja ba ne cewa Hausawa daga Misira suka fito, ko da yake son danganta asali da gabas tsoho ne a wurinmu, labarin Bayajida shaida ne. Hanyar alƙalami muna iya bin ta kalma bayan kalma. Inda babu irin wannan sawu, a tsaya a kan kamanni.

Kwatanci yana kuma shigo da talaka cikin darasi. A shekara ta 29 ta sarautar Ramses na III, ma'aikatan kaburburan sarakuna sun ajiye aiki saboda an jinkirta masu rabon hatsi, kuma wani magatakarda ya rubuta abin a takardar papirus da ke ajiye a Torino. Ɗan ma'aikacin da ya san jiran albashi ba ya bukatar dogon bayani.

Saura ƙasarmu. Binciken ƙarƙashin ƙasa ya ba malami abin da babu a hannun na zamanin mulkin mallaka. A Gobero, cikin Tenere, tawagar Paul Sereno ta gano a 2000 maƙabartar mutanen da suka yi kamun kifi a bakin tafki dubban shekaru kafin a gina dalar Giza. An sami shaidar noman gero a kwarin Tilemsi na Mali wajen 2500 kafin miladiyya, kusan zamanin da ake gina dalar. Ibn Battuta ya ziyarci Takadda a 1353, ya ba da labarin tagullarta. A Bura, yankin Tera, Boube Gado ya haƙo a 1983 tukwanen binne mamata masu siffar mutane da mahaya dawaki. Yawancin waɗannan mutane ba su bar mana rubutu ba, shi ya sa tsohon jeri ya tsallake su, alhali a kan abinci da sana'a da jana'iza suna amsa tambayoyin da muke yi wa Misira. Matsalar Bura ita ce masu haƙar sata sun wawushe wurare da yawa, har ICOM ta sa kayanta cikin jerin waɗanda ke cikin haɗari a 2000, kuma tukunyar da aka tumɓuke ba tare da an auna zurfinta ba ta rasa shekarunta.