Bursu: tsohuwar hanyar ɗaliban ƙasar Maraɗi zuwa waje

Lokacin da Nijar ta samu ƴancin kai, ranar 3 ga Agusta 1960, babu jami'a ko ɗaya a ƙasar. Yaron da ya gama lise, ko daga Agye ya fito ko daga Gidan Rumji, sai ya ƙetare iyaka: Dakar, Abijan ko Faransa. Kuɗin tafiya da na zama, abin da muke kira bursu, yawancinsa daga hannun wasu ƙasashe yake fitowa. Faransa tana bayarwa, Tarayyar Sobiyet ma tana bayarwa, don a shekarar ce ta buɗe wata jami'a a Mosko wadda daga baya aka raɗa wa sunan Patrice Lumumba. Kowace da abin da take hange: wanda ka koyar yau, shi ne ministan da za ka zauna da shi gobe.

Mutanen wannan yanki suna da nasu a cikin na farko. An haifi Abdou Moumouni Dioffo a Tasawa, maƙwabciyar Gazawa, a 1929. Ya yi makarantar William Ponty a Senegal, ya wuce Faris ya ƙware a kimiyyar fizik, sannan a farkon shekarun 1960 ya tafi Tarayyar Sobiyet da tallafin karatu, ya duƙufa kan makamashin rana. Ya dawo gida ya riƙe ofishin makamashin rana na ONERSOL, ya shugabanci jami'ar Yamai, wadda tun 1992 take ɗauke da sunansa. Ga kuma Dan Dicko Dankoulodo, masanin kimiyyar sinadarai, wanda ya zama babban sakataren ACCT daga 1974 zuwa 1982, ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci da aka kafa a Yamai a 1970. Nakan tuna da su biyun duk lokacin da wani ya ce bursu ba ya haifar da komai sai gudun ƙasa.

Karatun hulɗar ƙasashen duniya kuwa hanyarsa daban ce. Sabbin ƙasashe suna buƙatar jakadu, ba su da inda za su horar da su. Gidauniyar Carnegie ta Amurka ta riƙa ɗaukar nauyin matasan jami'an diflomasiyya zuwa Janeba a shekarun 1960, har a 1971 aka kafa cibiyar IRIC a Yawunde da taimakon Suwizalan, ta zama makarantar ƴan Afirka masu son wannan fanni. A wannan shekarar ce Yamai ta buɗe cibiyar karatu mai zurfi da ta zama jami'a a 1973. Ta ɓangaren Larabci, Azhar da jami'ar Madina sun daɗe suna karɓar almajirai, sannan jami'ar Musulunci ta Sayi ta buɗe a 1986 ƙarƙashin ƙungiyar ƙasashen Musulmi.

Daga nan abubuwa suka yi tsami. Tsarin tsuke bakin aljihu ya taɓa bursun gwamnati, ɗalibai suka fito, aka harbe uku a gadar Kennedy ta Yamai ranar 9 ga Fabrairu 1990. Tarayyar Sobiyet ta rushe a 1991, ɗalibanmu da ke can suka sha wuya. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kuɗin karatu a Turai ya ninka a dare ɗaya.

Amma abin da ya fi ci mini rai yana nan kusa da gida. Kafin ɗan manomi ya kai ga ƙofar bursu, sai ya bi ta ƙananan ƙofofi da yawa. Takardar haihuwa, wadda da yawa ba a yi musu ba sai da hukuncin alƙali. Hotuna, kwafin sakamakon bak da hatimi a kai, fasfo, sannan tafiyar sama da kilomita ɗari shida zuwa Yamai. Uba ya kai buhun aya ko riɗi kasuwa, uwa ta sayar da akuyarta, a ƙulle kuɗin a leda tare da takardun. Sau da yawa sanarwar takan iso ƙauye bayan an rufe karɓa. Kuɗin masu ba da taimako sun shigo Agye, musamman na asusun FIDA, suka raya gonaki da itatuwa a wurare irin su Ɗan Saga, kuma aikin ya yi albarka. Sai dai mai zama a teburin da ake tsara irin wannan taimako ba kasafai yake zama ɗan ƙauyen ba.

Jami'ar Maraɗi, da aka kafa a 2010 kuma take ɗauke da sunan Dan Dicko, ta rage nisan. Maroko, Aljeriya, Turkiyya da Sin suka ƙara yawan guraben da suke bayarwa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Faransa ta dakatar da ba da biza ga ƴan Nijar, Mali da Burkina Faso. Akwai ɗaliban da jami'o'in can suka riga suka karɓa, bursu ya fito, an yi sallama da dangi, shekarar karatu ta fara suna zaune a gida da fasfo a hannu.