Kishi, Nadama da Hannunka-mai-sanda a Wasan The Crucible

A shekarar 1692 aka yi shari'ar mayu a garin Salem da ke Massachusetts, aka rataye mutum 19, aka danne dattijo Giles Corey da duwatsu har ya cika. A kan wannan tarihi Arthur Miller ya gina wasansa The Crucible a 1953, lokacin da Amurka ke farautar waɗanda ake zargi da kwaminisanci. Masu nazari kan ɗora zullumin wasan a kan kishin Abigail Williams. Ra'ayina shi ne kishi ya kunna wutar, amma nadamar John Proctor ce ta hana a kashe ta.

Tun a kashi na ɗaya mai kallo ya san babu wata maita. Abigail da bakinta ta faɗa wa Proctor haka, su biyu kaɗai. Mun kuma ji cewa ta sha jini a daji don Elizabeth, matar Proctor, ta mutu, domin Elizabeth ce ta kore ta daga aiki bayan ta gano abin da ke tsakaninta da mijin. Kishin a fili yake, ba ya ɓoye mana komai. Tambayar da ke riƙe mai kallo ita ce: yaushe Proctor zai buɗe baki?

Ya kasa, saboda tona Abigail tona kansa ne. Kwana takwas suka wuce yana jan ƙafa, kotu ta zauna, gidan yari ya fara cika. Miller ya nuna nauyin da ke ƙirjin Proctor a wuri mafi kyau a wasan: malamin coci Hale ya ce masa ya jero Dokoki Goma, ya kawo tara, ya manta da ta zina, sai matarsa ta tuna masa. Babu ihu a fitowar, amma duk wanda ke kallo ya san inda ciwon yake.

A wannan kashi na biyu ne kuma Mary Warren, 'yar aikin gidan Proctor, ta ba Elizabeth 'yartsanar da ta ɗinka a kotu. Kyauta ce ƙarama, sai ga shi kafin gari ya waye an sami allura a cikinta, an sami wata a cikin Abigail, aka tafi da Elizabeth a ɗaure. Hannunka-mai-sanda mafi ciwo yana kashi na uku. Proctor ya amsa laifin zina a gaban alƙali Danforth, ya tabbatar cewa matarsa ba ta taɓa ƙarya ba. Da jin haka gaban mai kallo ya faɗi, don ya hango abin da zai biyo. Aka kira ta, ta musa don ta rufa masa asiri, ƙaryar nan guda ta rushe shaidarsa.

Akwai abin da bai kwanta mini ba. Abigail ta tarihi yarinya ce 'yar shekara 11 ko 12, Proctor kuwa ya kai kusan 60. Miller ya mai da ita 17, ya ƙago soyayyar don wasan ya sami gishiri. Dabarar ta yi aiki, sai dai ta sa masu kallo da yawa suna fita da haushin yarinya marainiya, alhali alƙalai irin su Danforth ne suka sa hannu a takardun rataya, wani mai gonaki, Thomas Putnam, kuma yana jiran gonakin waɗanda aka yanke wa hukunci.