Kogon Beatus na Bakin Tabkin Thun

Kogon Beatus yana jikin dutse, bisa Tabkin Thun, a ƙasar Suwis. An buɗe shi ga masu yawon buɗe ido a shekarar 1904. Tsawon hanyoyinsa da aka auna ya kai kilomita 14, amma kilomita guda kawai baƙi suke bi, inda aka sa fitilu. Da sanyi a ciki, sai da riga mai kauri.

Ruwan da ke ɗigowa daga rufin kogon yana barin farar ƙasa kaɗan-kaɗan, har ta daskare ta zama ginshiƙai. Aikin dubban shekaru ne. Shi ya sa aka hana taɓa su: maiƙon hannu yana ɓata su, wanda ya karye kuwa ba shi da gyara.