Yafewa, gafara, afuwa da wankewa: kowace da wurinta

Mu da muke zaune nesa da gida, Hausarmu kan cakuɗe, har mu riƙa ɗaukar waɗannan kalmomi abu ɗaya. Ni a karar shanu ta Lafiya na gane bambancinsu.

Yafewa tsakanin mutum da mutum take. Mai haƙƙi ne kaɗai ke da ikon cewa "na yafe". Idan bashi ne, kalmar ta kashe shi, shi ya sa dillalai ba sa sakinta da wasa. Wanda ke son ƙara maka lokaci kawai zai ce "na ɗaga maka ƙafa". Idan aka ce "duniya da lahira", to an rufe maganar ke nan. Ita ake nema kafin tafiya aikin Hajji, da kuma wurin jana'iza.

Gafara daga Larabci ta zo, kuma galibi wurin Allah ake roƙonta. "Allah ya gafarta malam" girmamawa ce, "gafara dai" kuwa neman izinin shiga gida ne.

Afuwa ma Balarabiya ce, amma ta fi zama a bakin masu mulki. Shugaba Shehu Shagari ya yi wa Ojukwu afuwa a 1982, Umaru Musa 'Yar'aduwa kuma ya yi wa tsagerun Neja Delta a 2009.

Haƙuri ba yafewa ba ne. Mutum zai iya cewa "na haƙura" alhali haƙƙinsa na nan bai bari ba.

Wankewa ita ce daban. Wanda aka yafe wa ya yi laifi, wanda aka wanke bai yi ba. Akwai lokacin da kuɗin sa biyu suka ɓace a hannun yaron mahaifina. Baba ya ce ya yafe. Yaron ya ce, "Alhaji, ban ɗauka ba, don Allah a bincika." Da aka bi lissafi, ashe wani dillali ne bai kawo cikon ba. Baba ya tara mutane ya wanke shi a gabansu. Da ya karɓi yafewar nan, da har yau ɓarawo ake ce masa a kara, kuma ba mai sake ba shi amanar ko akuya.

Don haka 'yan uwa, idan an zarge ku da abin da ba ku yi ba, a Legas ne ko Fatakwal, kar ku ce "a yafe mini" don a zauna lafiya. Ku ce a bincika a wanke ku.