MONA: Gidan Kallon Ɗan Caca da Ƙasusuwan Truganini

Ranar 21 ga Janairun 2011 aka buɗe wani gidan kayan fasaha a Berriedale, bakin kogin Derwent, arewa da birnin Hobart a tsibirin Tasmaniya da ke kudancin Ostireliya. Ba gwamnati ce ta gina shi ba, ba kuma jami'a ba. Mutum ɗaya ne ya zuba dukiyarsa, kuma bai taɓa ɓoye cewa daga caca ya samo ta ba. Sunansa David Walsh, gidan kuwa ana ce masa MONA, wato gidan tsohuwar fasaha da sabuwa. Kafin a je ko'ina, tsibirin da matafiya suka sani da dazuzzuka da kangayen kurkukun Turawa ya zama wurin da ake zuwa daga uwa duniya don a ga abin da ba a iya gani a gida.

An haifi Walsh a 1961, ya tashi a Glenorchy, unguwar masu ƙaramin ƙarfi da ke maƙwabtaka da inda gidan yake yanzu. Ya shiga Jami'ar Tasmaniya yana karatun lissafi da kwamfuta, bai gama ba ya fita, saboda ya gano ƙwaƙwalwar da ke warware lissafi tana iya ƙirga karta a gidan cacar Wrest Point, wanda aka buɗe a Hobart a 1973, na farko da doka ta amince da shi a ƙasar. Daga karta ya koma cacar tseren dawaki tare da abokinsa Zeljko Ranogajec, suna sa kwamfuta ta auna musu dokin da ya fi kusa da nasara. A 1995 ya mallaki gonar inabi ta Moorilla, wadda wani ɗan Italiya, Claudio Alcorso, ya dasa a 1958. Da farko ɗan ƙaramin gidan tarihi ya buɗe a wurin, ya jera tsoffin tsabar kuɗi da kayan Masar. Mutane ba su zo ba. A 2006 ya rufe, ya ɗauko mai tsara gine-gine Nonda Katsalidis, aka kashe kimanin dalar Ostireliya miliyan 75 ana sassaƙa dutse.

Baƙi da yawa ta ruwa suke zuwa. Za ka hau jirgin fito a tashar Brooke Street, ya bi da kai ƙarƙashin gadar Tasman, ya wuce masana'antar narka tutiya mai hayaƙi, cikin kamar minti 25 ya sauke ka a gindin matakala mai taki 99. Idan ka hau, abin da za ka tarar bai kai zaton da ka zo da shi ba: filin wasan tanis da wani gajeren gini mai ƙofar madubi. Gidan yana ƙarƙashin ƙafarka. Sai ka bi wata matakala mai murɗewa ka sauka hawa uku cikin ƙasa, ka tsinci kanka kusa da bangon dutse mai launin zuma, da sawun injin da ya yanka shi a jikinsa. A wannan bangon akwai aikin Julius Popp na Jamus, inda ɗigon ruwa ke zubowa daga sama yana rubuta kalmomin da aka tsinto daga labaran intanet, kowace kalma ta ɓace kafin ta kai ƙasa.

Babu takardar bayani a jikin kowane bango. Akwai manhaja mai suna O, ta gaya maka abin da ke gabanka, ta kuma tambaye ka ko ka so shi ko ka ƙi shi. An haɗa tsoho da sabo wuri guda: gawar wani Bamisire mai suna Pausiris da aka naɗe kusan shekaru dubu biyu da suka wuce tana kwance a ɗaki mai duhu da baƙin ruwa kewaye da ita, can gaba kuma ga macijin Sidney Nolan, zane-zane 1,620 da aka jera suka zama jiki ɗaya mai tsawon kusan mita 46. Wannan macijin kaɗai ya isa a yi tafiya dominsa.

Amma ba shi ake ba da labari ba idan an koma gida. Abin da ake faɗa shi ne injin Wim Delvoye na Beljiyam, mai suna Cloaca Professional. Tulunan gilashi ne rataye a jere, an haɗa su da bututu. Sau biyu a rana ake ba shi abinci irin na mutane, abincin ya bi tulu-tulu yana narkewa kamar a cikin mutum, da ƙarfe biyu na rana kuma injin ya yi bayan gida a faranti. Warin ne ke fara tarbarka tun ba ka ga tulunan ba, mutane na toshe hanci amma ba sa tafiya. Akwai kuma bangon da aka jera siffofin tsiraicin mata da aka ƙera da farar ƙasa, wanda mai kunya zai wuce kansa a sunkuye. Walsh da kansa ya sha faɗa cewa jima'i da mutuwa ne jigon gidansa.

Wani aikin da ya zauna a nan yana da jinin Najeriya. Chris Ofili, haifaffen Manchester a 1968 wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, ya zana Nana Maryam baƙar fata a 1996, ya manna kashin giwa da yankakkun hotunan batsa a jikin zanen. Da aka kai shi gidan tarihi na Brooklyn a 1999, magajin garin New York, Rudy Giuliani, ya tsayar da kuɗin da birnin ke bai wa gidan, har sai da kotu ta ce ya mayar. Wani dattijo ya shafa wa zanen farin fenti. Gidan zane na ƙasar Ostireliya da ke Canberra ya soke baje kolin da zanen ke ciki baki ɗaya. Walsh ya saye shi a 2007, ya rataye shi a MONA, sannan ya sayar a Landan a 2015 kan fam miliyan 2.9. Ni dai ban ga hujjar da za ta sa a haɗa uwar Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da irin waɗannan hotuna ba, kuma zafin da Musulmi da Kirista suka ji na gaskiya ne. Sai dai tarihin zanen ya nuna yadda gidan ke aiki: abin da hukuma ta ji tsoron nunawa, mai kuɗin kansa ya nuna ba tare da ya nemi izinin kowa ba.

Haka Walsh ya riƙa cinikin rai da jiki. Ya ƙulla yarjejeniya da Christian Boltanski na Faransa: a sa kyamarori a ɗakin aikinsa kusa da Paris, hoton ya riƙa zuwa Tasmaniya dare da rana, Walsh kuma ya riƙa biyansa duk wata har ya mutu. Lissafin ɗan caca ya nuna mutumin ba zai wuce shekara takwas ba. Boltanski ya haura wa'adin, sai a Yulin 2021 ya rasu. Akwai kuma Tim Steiner na Suwizalan, wanda Delvoye ya yi wa zane a fatar baya, aka sayar da zanen ga wani Bajamushe a 2008 kan Yuro 150,000, da sharaɗin a feɗe fatar bayan mutuwarsa. Steiner ya sha zama a MONA na watanni, shiru, ya juya wa masu kallo baya. Abin yana ɗaga hankali, amma mutanen nan biyu manya ne, da bakinsu suka yarda, da hannunsu suka karɓi kuɗi.

A Maris ɗin 2021 ne gidan ya taka inda yarda ba ta isa ba. Bikin hunturu na Dark Mofo, wanda MONA ta fara a 2013, ya sanar da aikin wani ɗan Sifaniya, Santiago Sierra: za a jiƙa tutar Birtaniya da jinin 'yan asalin ƙasashen da ta yi wa mulkin mallaka, kuma ana neman masu ba da jini. Tutar nan mun san ta, ita aka kafa a Kano da Sakkwato a 1903. Sierra ya ce nufinsa tona asirin mulkin mallaka. 'Yan asalin Tasmaniya, waɗanda ke kiran kansu palawa, suka ce an zubar da jininsu ya isa. Cikin 'yan kwanaki aka soke aikin, Walsh ya ba da haƙuri.

Wanda bai san tarihin tsibirin ba zai ɗauka wannan ma wata hayaniya ce irin ta kashin giwa. Ba haka ba ne. Jirgin da ke kai ka MONA yana wucewa ta gefen Risdon Cove, inda Turawan Ingila suka fara yada zango a 1803, inda kuma sojojinsu suka buɗe wa 'yan ƙasa wuta ranar 3 ga Mayun 1804. Daga nan aka shiga ƙwace filayen farauta don kiwon tumaki, aka yi yaƙin da ya kai farkon shekarun 1830. A 1830 Gwamna George Arthur ya jera maza fiye da dubu biyu suka yi sahu suna kora, don su tattara mutanen wuri ɗaya, suka kama biyu kacal. Abin da bindiga ba ta yi ba, lallashi ya yi: George Augustus Robinson ya bi su da alkawura, aka kwashe su zuwa tsibirin Flinders, cuta da baƙin ciki suka cinye su. Mutum 47 ne suka rage lokacin da aka mayar da su Oyster Cove a 1847.

Ko mutuwa ba ta raba su da Turawa ba. Da William Lanne ya rasu a Hobart a 1869, wani likita, William Crowther, ya shiga ɗakin gawa ya cire ƙoƙon kansa, wasu kuma suka yanke hannayensa da ƙafafunsa, duk da sunan ilimi. Wata tsohuwa mai suna Truganini ta ga abin da aka yi masa, ta roƙi a jefa gawarta a zurfin mashigin ruwa na D'Entrecasteaux, kusa da tsibirin Bruny inda aka haife ta, don kada a yanka ta. Ta rasu a Mayun 1876. Bayan shekara biyu ƙungiyar masana ta Royal Society ta tono ta. Daga 1904 zuwa 1947 ƙwarangwal ɗinta yana tsaye cikin akwatin gilashi a gidan tarihin Tasmaniya, yara 'yan makaranta na wucewa suna kallo, ana gaya musu wai ita ce ta ƙarshe a jinsinta, alhali zuriyar mutanenta na raye a tsibiran arewa da cikin garuruwa. Sai a 1976, shekara ɗari cif, aka cika mata wasiyya, aka ƙona ƙasusuwan aka watsa tokar a ruwan da ta ambata.

Gidan tarihin da ƙungiyar masanan sun fito fili sun nemi gafarar palawa a Fabrairun 2021. Wata guda bayan haka wani gidan kallo a gari ɗaya ya ce a kawo jini. Wannan ne ya sa nake ganin soke aikin Sierra ba tsoro ba ne, daidai ne. A wurin da aka shekara 43 ana baje ƙasusuwan wata mata a gaban jama'a, baƙo daga Turai ba shi da hurumin sake mayar da jikin mutanenta kayan kallo, ko da kuwa kuka yake taya su. Ba a saurare su yadda ya kamata ba kafin a tsara aikin, kamar yadda ba a saurari Truganini ba.

Rigimar gidan ba ta ƙare a nan ba. Matar Walsh, Kirsha Kaechele, ta keɓe wani ɗaki da maza ba sa shiga, wani baƙo ya kai ƙara, ƙaramar kotu ta ba shi gaskiya a Afrilun 2024, Kotun Ƙolin Tasmaniya ta rushe hukuncin a Satumba. A tsakani Kaechele ta bayyana cewa zane-zanen Picasso da ke ɗakin ita ta zana su.

Crowther kuwa, wanda ya zama firimiyan Tasmaniya a 1878, an kafa masa mutum-mutumin tagulla a dandalin Franklin da ke tsakiyar Hobart a 1889. Majalisar birnin ta kaɗa ƙuri'ar cire shi a Agustan 2022, wasu suka ɗaukaka ƙara, maganar ta yi ta jan ƙafa. A Mayun 2024, daren da za a wayi gari a yanke hukunci, wasu da ba a san ko su wane ne ba suka yanke shi daga idon sawu ya faɗi ƙasa. Da safe kotun ta tabbatar da ƙudurin majalisar.