Robert Waterland: Masanin da ya bi sawun abincin uwa daga ɗakin gwaji a Amurka zuwa ƙauyukan Gambiya

Robert Waterland masanin kimiyyar abinci ne ɗan ƙasar Amurka, farfesa a Kwalejin Likitanci ta Baylor da ke birnin Houston a jihar Texas. Ya shafe fiye da shekaru 20 yana nazarin tambaya ɗaya: ta wace hanya abin da uwa ta ci a lokacin ɗaukar ciki yake barin tambari a jikin ɗanta, har ya shafi yadda jikin zai sarrafa abinci, da yiwuwar ƙiba da ciwon suga bayan ya girma?

Fannin da yake aiki a cikinsa ana kiransa epijenetiks. Kowace ƙwayar halitta a jikin mutum tana ɗauke da DNA iri ɗaya, amma ƙwayar hanta ba ta yin aikin ƙwayar ido. Abin da ke raba su shi ne wasu alamomi da ake ɗaurawa a kan DNA, waɗanda ke rufe wata ƙwayar gado su bar wata a buɗe, ba tare da an sauya rubutun gadon kansa ba. Alamar da aka fi sani ita ce wani ɗan ƙanƙanin sinadari mai suna metil. Jiki kuwa yana samar da metil ɗin ne da taimakon wasu sinadarai na abinci, irin su folik asid da bitamin B12 da kolin.

Ba Waterland ne ya fara zargin cewa rayuwar cikin mahaifa na shafar lafiyar baligi ba. A ƙarshen shekarun 1980, likitan Birtaniya David Barker ya nuna cewa jariran da aka haifa da ƙarancin nauyi sun fi kamuwa da ciwon zuciya a tsufansu. Haka kuma an daɗe ana bibiyar mutanen da aka yi cikinsu a yunwar da ta afka wa yammacin Holan daga ƙarshen 1944 zuwa 1945, aka ga ƙiba da matsalar suga sun fi yawa a cikinsu. Abin da ya rage shi ne bayanin yadda hakan ke faruwa a cikin jiki. Waterland ya yi digirin digirgir a Jami'ar Cornell, kuma a 1999 ya wallafa wata maƙala tare da malaminsa Cutberto Garza, inda suka zayyana hanyoyin da abincin farkon rayuwa zai iya bi ya bar tasiri mai ɗorewa.

Aikin da ya fito da sunansa ya yi shi ne a Jami'ar Duke, a ɗakin binciken Randy Jirtle, aka wallafa shi a 2003. Sun yi amfani da wani nau'in ɓeraye masu ƙwayar gado da ake kira agouti. Idan wannan ƙwaya ta kasance a buɗe a dukkan jiki, ɓeran yakan fito da gashi ruwan ɗorawa, ya riƙa cin abinci ba ƙoshi, ya yi ƙiba, ya kamu da ciwon suga. Idan metil ya rufe ta, ɓeran yakan fito da gashi ruwan ƙasa, jikinsa madaidaici. Abin mamakin shi ne ɓerayen biyu suna iya zama 'yan uwa ɗaya, masu DNA kusan iri ɗaya. Masu binciken sun ƙara wa abincin wasu iyaye mata folik asid da B12 da kolin da betayin, tun kafin barbara har zuwa yaye. 'Ya'yansu sun karkata zuwa launin ƙasa. Wasu masana sun riga sun lura da wannan sauyin launi a 1998. Gudunmawar Waterland da Jirtle ita ce nuna cewa ƙarin metil a daidai wannan wuri na DNA ne ya haddasa shi.

Hoton ɓeraye biyu, ɗaya ƙato ruwan ɗorawa ɗaya siriri ruwan ƙasa, ya zagaya jaridu da littattafan karatu, kuma an ɗora masa da'awar da ta wuce abin da binciken ya nuna. Waterland da kansa ya rage wa labarin armashi. A 2007 ya wallafa sakamakon da ke nuna cewa ƙarin metil ɗin da abinci ya jawo ba ya wucewa ta hanyar uwa zuwa jikoki. Wannan ya ci karo da abin da mutane da yawa suke son ji, wato abincin kaka na gyara gadon zuriya.

Gwada irin wannan a kan ɗan Adam yana da wuya, domin ba za a raba mata masu neman haihuwa gida biyu a hana wasu abinci ba. Mafita ta fito daga yankin Kiang ta Yamma a Gambiya, inda Hukumar Binciken Lafiya ta Birtaniya take da tasha a ƙauyen Keneba, mai ajiye bayanan haihuwa da mutuwa tun kusan 1950. Manoman yankin suna rayuwa irin wadda manoman arewacin Najeriya da kudancin Nijar suka sani: da damina rumbu ya yi ƙasa, aikin gona ya yi yawa, jiki ya rame, bayan kaka kuma abinci ya wadata. Ke nan yanayi da kansa yana raba mata gida biyu a kowace shekara.

Tare da tawagar Andrew Prentice, Waterland ya wallafa sakamakon farko a 2010, sannan mai zurfi a 2014. An ɗebi jinin mata a farkon ciki, daga baya aka duba jini da tushen gashin jariransu. Hasashen farko shi ne cikin da aka ɗauka a lokacin yunwa zai zo da ƙarancin metil. Akasin haka aka samu: jariran da aka yi cikinsu da damina sun fi yawan metil a wuraren da aka auna. Bayanin da ya fi karɓuwa shi ne, duk da ƙarancin hatsi, damina lokaci ne na ɗanyen ganye, kuma jinin iyayen ya nuna bambanci a sinadaran da ke samar da metil. Nau'in abin da aka ci yana da tasirinsa daban da yawansa. Da yake alamar ta bayyana iri ɗaya a jini da gashi, masu binciken sun fahimci cewa an ɗaura ta ne a kwanakin farko bayan shigar ciki, kafin sassan jiki su rarrabu, a lokacin da mace ba ta ma san tana da juna biyu ba.

Haɗa wannan da cuta shi ne mataki mafi wuya. A 2016 wani bincike da ya haɗa masanan Jamus da bayanan Gambiya ya danganta yawan metil a ƙwayar gado ta POMC, mai hannu wajen sanar da ƙwaƙwalwa cewa an ƙoshi, da nauyin jikin mutum. Dangantaka ce aka gani, ba hujjar cewa ɗaya ne ke haddasa ɗayan ba, kuma bambancin metil tsakanin 'ya'yan damina da na rani kaɗan ne. A 2019 tawagar Waterland ta fitar da taswirar wurare kusan 10,000 a DNA na ɗan Adam inda metil ke bambanta daga mutum zuwa mutum amma yake daidai a dukkan sassan jikin mutum ɗaya. Amfaninta shi ne ana iya auna ɗigon jini a san halin da ake ciki a hanta ko ƙwaƙwalwa.

Aikin Waterland ya fi karkata ga uwa, amma fannin bai bar uba a baya ba. A 2010 tawagar Margaret Morris a birnin Sidni na Ostireliya ta nuna cewa ɓerayen maza da aka ciyar da abinci mai maiƙo sun haifi 'ya'ya mata masu matsalar fitar da insulin, ko da yake iyayensu mata abinci na yau da kullum suka ci. A wannan shekarar ma ɗakin binciken Oliver Rando a jihar Massachusetts ya samu sauyi a hantar 'ya'yan ɓerayen da aka rage wa ubanninsu sinadarin furotin. Bincike na baya-bayan nan a wannan ɓangare ya mayar da hankali kan ƙananan ƙwayoyin RNA da maniyyi ke ɗauke da su zuwa cikin ƙwan mace.